Daga ma'aunin Nilu zuwa hasashen damina: da me masana suke gane cewa yanayi ya canza?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni manomi ne kuma malamin makaranta a yankin Mai Wurno. Dattawanmu suna cewa damina ta lalace, taurarin da suke lissafi da su ba sa cika alkawari kamar da. Wasu na cewa hayaƙin masana'antun Turawa ne, wasu na cewa madatsar Habasha ce, wasu kuma na cewa haka duniya take tun zamanin Annabi Yusuf, shekarun ƙoshi da shekarun yunwa. Don Allah yaushe aka fara wannan ilimi na yanayi da ruwa, kuma da me masu shi suke gane cewa abu ya canza da gaske? Za mu iya dogara da hasashensu?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya ƙara wa dattawan naku lafiya da nisan kwana. Idan na fahimce ka, kana son sanin inda ilimin ya samo asali, da hujjar da masu shi suke tsayawa a kanta, da kuma ko manomi zai iya ɗora shukarsa a kan maganarsu. Ni aikina awon kogi ne da lissafin ruwan noman rani, na yi shi a nan Sudan, a bakin Shuɗin Nilu da cikin Jazira, yankin noman rani da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, don haka ta wannan ƙofar zan shigo maka. Ra'ayina tun daga farko shi ne, kowane ɓangare na masu gardamar nan yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma mafi yawan wahalar da masana suka sha ita ce ta raba waɗannan dalilai, a san wanne ya jawo me. Abin da awo ya fi tabbatarwa a ƙasarmu shi ne zafi ya ƙaru, ruwan kuma ya ƙara rashin tsari. Maganar cewa ruwan ƙarewa yake yi gaba ɗaya, awo bai goyi bayanta ba.

An fara auna kogi kafin a fara auna sama

Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun awon ruwa tana cikin Sudan ɗin nan. A duwatsun Semna da Kumma, can arewa, ma'aikatan Fir'aunan Masar sun sassaƙa alamar inda ambaliya ta kai shekara bayan shekara, kimanin shekara 3,800 da suka wuce. A zamanin Musulunci aka gina ma'aunin tsibirin Rauda a Alƙahira, wanda yake tsaye har yau, a shekarar 861 da umarnin Halifa Mutawakkil. Rijiya ce mai ginshiƙi a tsakiya, an yi wa ginshiƙin zane kamu-kamu. Idan ruwa ya kai kamu 16 sai a yi shela cewa Nilu ya cika alkawari, kuma da wannan awo ake yanke harajin gonaki. Saboda kuɗin hukuma ya rataya a kansa, ba a yi wasa da rubuta shi ba. Shi ya sa muke da jerin adadin ambaliyar Nilu tun daga ƙarni na 7, da giɓi nan da can, kuma babu wani kogi a duniya da yake da tarihi rubutacce mai tsawon wannan.

Malaman Musulunci sun taɓa ɓangaren aikin injiniya. Ibnul Haisam, masanin ilimin gani, ya taɓa cewa zai iya tsara ambaliyar Nilu. Halifa Hakim na Faɗimiyya ya kira shi Masar, ya tafi kudu har wajen Aswan, ya duba kogin ya gane kayan aikin zamaninsa ba za su iya ba. Alkaraji, a ƙasar Farisa a farkon ƙarni na 11, ya rubuta littafi sukutum a kan yadda ake gano ruwan da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙasa da yadda ake haƙa masa hanya.

Amma akwai tambaya ɗaya da ta daɗe tana rikita masana: ruwan kogi daga ina yake? Da yawa daga masanan Turai sun ɗauka ruwan sama ya yi kaɗan ya cika koguna, suna zaton ruwan teku ne yake bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a duwatsu. Mu da muke karanta aya ta 21 a Suratuz Zumar, inda Allah ya ce ya saukar da ruwa daga sama ya shigar da shi maɓuɓɓugai a cikin ƙasa, abin ba zai ba mu mamaki ba, amma sai a 1674 wani Bafaranshe, Pierre Perrault, ya tabbatar da shi da lissafi. Ya auna ruwan saman da ke sauka a yankin da kogin Seine ya faro, ya kwatanta da abin da kogin ke ɗauka, ya ga ruwan saman ya ninka na kogin kusan sau 6. Bayansa Edmond Halley na Ingila ya auna yawan ruwan da rana ke ɗagawa daga teku ya zama tururi, ya nuna ya isa ya biya abin da koguna ke zubawa. A 1856 Henry Darcy ya fitar da ƙa'idar yadda ruwa ke ratsa yashi, kuma da ita muke lissafin rijiyar burtsatse har gobe. Daga nan ilimin ruwa ya zama lissafin shiga da fita: abin da ya sauko, abin da ya gudu, abin da ya nutse, abin da ya tashi sama.

Shekarun Annabi Yusuf a cikin lissafi

A nan nake son ka tsaya da ni, domin masu cewa haka duniya take suna da hujja mai ƙarfi fiye da yadda suke zato. Wani Bature, Harold Hurst, ya zo Masar a 1906, ya ƙarar da rayuwarsa a kan Nilu. Tambayar da ke gabansa irin ta mai gina rumbu ce: girman nawa za a yi shi don hatsin shekarun albarka ya ɗauki gida har ya fita daga shekarun yunwa? Idan shekara mai kyau da mara kyau suna zuwa ne a gauraye, yau wannan gobe waccan, ƙaramin rumbu ya isa. Da ya zauna da tsofaffin adadin Rauda, da ɗaruruwan wasu jerin awo na ruwan sama da koguna da zoben da ke cikin kututturen itatuwa, sai ya ga ba haka abin yake ba. Shekarun fari suna zuwa ne a jere, shekarun ruwa ma a jere, kuma jerin yakan yi tsawo fiye da yadda lissafin sa'a zai bayar. Ya wallafa wannan a 1951. A 1968 masana biyu, Mandelbrot da Wallis, suka laƙaba wa wannan ɗabi'a sunan Annabi Yusuf, alaihis salam, ita kuma ambaliyar da ke zuwa bagatatan ta wuce duk abin da aka sani suka ba ta sunan Annabi Nuhu.

Ga yadda abin yake a koginmu. Daga 1871 zuwa 1898, matsakaicin ruwan da ke isa Aswan a shekara ya kai kusan mita kubik biliyan 110. Daga 1899 sai ya faɗi, bai koma can ba tsawon shekaru da dama. A 1913 bai kai ko biliyan 50 ba. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda garinku ya ci sunansa, bayan yaƙin Burmi na 1903 sun zo sun tarar da kogin a lokacin ƙarancinsa, kuma farin 1913 ɗin nan shi ne ya haifar da yunwar da ake kira Kakalaba a ƙasar Hausa. Ɗamarar ruwan sama ɗaya ce ta taso daga Senegal ta ratsa Kano da Tafkin Chadi da Kordofan har tsaunukan Habasha, idan ta yi rauni kusan kowa yakan ji a jikinsa.

Wannan yana da nauyi a siyasar ruwa. Yarjejeniyar 1959 tsakanin Sudan da Masar an gina ta ne a kan matsakaicin biliyan 84: Masar 55.5, Sudan 18.5, aka bar 10 don abin da rana za ta sha daga tafkin babbar madatsar Aswan. Adadin 84 ɗin matsakaicin wasu shekaru ne na ƙarni na 20, kogin bai taɓa sa hannu a kansa ba. A shekarun 1980 ruwa ya yi ta ƙasa a jere, tafkin Aswan ya sauka har ana fargabar injinan wutar lantarki za su tsaya, sai ambaliyar 1988 ta ɗaga shi. Ita kuma wannan shekarar ce a farkon Agusta aka zuba wa Khartum ruwa sama da milimita 200 cikin kwana guda, fiye da abin da birnin ke samu a shekara ɗungurungum.

Darasin da na ɗauka daga Hurst a aikina shi ne kada in yanke hukunci da shekara 5 ko 10. Shi ya sa masana yanayi suke ɗaukar shekara 30 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a kira yanayin wuri.

Maganar hayaƙi

Wannan reshe na ilimin ya taso ne daga wata tambaya daban, wato me ya sa duniya ba ta daskare ba. Joseph Fourier ya lissafa a 1824 cewa in da hasken rana ne kaɗai, da duniya ta fi haka sanyi ƙwarai, don haka akwai abin da ke riƙe zafi a cikin iska. A 1856 wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta cika kwalabe da iska iri-iri ta ajiye su a rana, ta ga wadda ke ɗauke da iskar kabon ta fi zafi kuma ta fi jinkirin hucewa. John Tyndall ya auna abin da kyau a 1859: hasken rana yana ratsa iska ya dumama ƙasa, zafin da ƙasa ke mayarwa sama kuma tururin ruwa da iskar kabon suna tare wani kaso nasa. A 1896 Svante Arrhenius na Suwidin ya zauna da alƙalami ya lissafa cewa in iskar kabon ta ninka, zafin duniya zai ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Ka lura da shekarun, Malam. An san tushen maganar tun kafin a gina madatsar Sinnar a 1925, tun babu wata ƙungiya ko taron ƙasashe da za a ce tana neman kuɗi da ita.

Abin da ya rage shi ne awo. Guy Callendar ya tattara bayanan tashoshin zafi a 1938 ya nuna duniya ta fara ɗumama, mutane kaɗan suka saurare shi. A 1958 Charles Keeling ya fara auna iskar kabon kullum a kan dutsen Mauna Loa na Hawai, ya samu kusan kashi 315 cikin miliyan. Yau ta haura 420. Kafin zamanin masana'antu tana wajen 280, kuma mun san haka ne daga kumfar tsohuwar iska da ta maƙale a cikin ƙanƙarar ƙarshen kudancin duniya, wadda ta nuna cewa cikin shekara 800,000 adadin bai wuce wajen 300 ba. A 1967 Syukuro Manabe da abokin aikinsa suka sa kwamfuta ta yi lissafin Arrhenius da ingantattun ƙa'idoji, suka samu ƙarin digiri 2 da ɗoriya. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1988 ya ce a rahotonsa na 2021 duniya ta riga ta ɗumama da kusan digiri 1.1, kuma ƙona kwal da man fetur da gas da sare dazuka ne sanadi.

Wani zai ce ai yanayi ya sha canzawa ba tare da hannun mutum ba. Gaskiya ne. Wadi Hawar da ke arewacin Darfur, wanda yau yashi ne, kogi ne mai gudana daga gabashin Chadi zuwa Nilu tsakanin kimanin shekara 9,500 zuwa 4,500 da suka wuce, an tono ƙasusuwan kifi da kada da dorina a cikinsa. Sanadin wancan sauyin tangaɗin da duniya ke yi ne a kewayenta na rana, mai ɗaukar sama da shekara 20,000 kafin ya zagayo. Na yanzu ya faru cikin shekara 150, kuma taurarin ɗan'adam da ke auna ƙarfin rana tun ƙarshen shekarun 1970 ba su ga ta ƙara ƙarfi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Inda wannan ya taɓa ruwa kai tsaye shi ne, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi tana iya ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100. Iska mai zafi ta fi tsotse danshin gona da hafiri, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, idan kuma hadari ya haɗu ya fi zubar da ruwa mai yawa lokaci guda. Wani bincike na 2017 da ya bi hotunan tauraron ɗan'adam ya gano cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel na yammacin Afirka sun ninka sau 3 tun daga 1982. Manomi zai iya samun jimillar ruwan da mahaifinsa ya saba samu, amma a zubo masa rabinsa cikin dare biyu ya gudu zuwa kwari, sannan a yi sati 3 ba ɗigo dawa tana kan fitar da kai.

Gardamar farin 1984

Tarihin wannan ilimi yana da wuraren da masana suka ɗora laifi inda bai dace ba, kuma mu aka ɗora wa. Tun 1935 wani masanin daji, Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana cinye arewacin Najeriya. A 1975 Hugh Lamprey ya zagaya arewacin Sudan ta jirgin sama, ya ce hamada ta matso kudu da kilomita 90 zuwa 100 tun 1958, wato kusan kilomita 5.5 a shekara, kuma wannan adadin ya shiga littattafan makaranta a duniya. A shekarar dai Jule Charney ya kawo bayanin cewa kiwo da sare itace suna tsiraita ƙasa, ƙasa tsirara tana mayar da hasken rana, hakan yana hana hadari tashi. Da farin 1984 ya zo, mutanen Kordofan da Darfur suka kwararo har bayan Omdurman, sai maganar ta zauna a zukata cewa makiyayi da manomi su suka kori ruwa da hannunsu.

Awo ya rushe mafi yawan wannan. Masu bincike daga Jami'ar Lund ta Suwidin sun bi Kordofan da hotunan sama a shekarun 1980 ba su ga hamadar da ke tafiya kudu babu tsayawa ba. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna bakin Sahara yana matsowa a shekarar fari, yana komawa idan ruwa ya dawo. Lamprey ya kwatanta taswirar shekarun ruwa ne da abin da ya gani a tsakiyar fari. A 1986 Folland da abokansa a Ingila suka nuna cewa ruwan Sahel yana bin zafin tekuna, a 2003 kuma Alessandra Giannini ta sa kwamfuta ta maimaita tarihin farin da zafin teku kaɗai, abin ya fito kusan daidai. Ɗamarar ruwan tana karkata ne zuwa ɓangaren duniyar da tekunsa ya fi ɗumi. A shekarun 1960 zuwa 1980 arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da kudu, kuma akwai hujja mai ƙarfi cewa ƙurar farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka, wadda ke kare hasken rana, tana da hannu a ciki. Ka ga mai cewa hayaƙin Turawa ne bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai hayaƙin iri biyu ne, kowanne da aikinsa. Wannan ba ya wanke mai sare hashab, itacen ƙaro, ya yi gawayi. Sare itace yana kashe ƙasa, yana sa ruwa ya gudu maimakon ya nutse, na ga haka a gonaki da yawa. Amma ba shi ya hana hadari zuwa a 1984 ba, kuma ina jin zafin yadda aka daɗe ana zargin talakan da shi ne ya fi kowa asara.

Akwai kuma tekun Pasifik. Gilbert Walker, wanda ya shugabanci awon yanayi a Indiya daga 1904, yana neman hanyar hango farin Indiya sai ya gano nauyin iska yana lilo tsakanin gabas da yammacin Pasifik, har ambaliyar Nilu ya saka cikin lissafinsa. Jacob Bjerknes ya haɗa wannan da ɗumamar ruwan tekun da ake kira El Nino a 1969. Ɗan ƙasarmu Farfesa Elfatih Eltahir ya nuna a 1996 cewa kusan kashi 25 cikin 100 na hawa da saukar Nilu daga shekara zuwa shekara yana da alaƙa da shi. Shekarun El Nino irin 1972 da 1982 da 1987 da 2015 kogin ya yi rauni, shekarun kishiyarsa La Nina irin 1988 da 1998 da 2020 ya cika ya batse. Kashi 25 ba duka ba ne, 1984 ma ba shekarar El Nino ba ce, amma shi ne ginshiƙin hasashen damina da ake yi yanzu.

Madatsar Habasha

Madatsa ba ta hana girgije zubar da ruwa a gonar Gadarif ko Dali da Mazmum. Wanda yake noman damina ya cire ta daga lissafinsa. Wanda yake noman bakin kogi ko yake jan ruwa da famfo, shi ta shafa. Kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan da ke isa Aswan daga tsaunukan Habasha yake, mafi yawansa ta Shuɗin Nilu, kuma a da yakan zo ne a cikin wata 3 zuwa 4 ɗauke da laka. Madatsar da aka fara ginawa a 2011 tana ɗaukar mita kubik biliyan 74, fiye da abin da Shuɗin Nilu ke kawowa a shekara guda. Tana rage tsinin ambaliya, tana ƙara ruwan rani, tana kuma riƙe laka. Riƙe lakar alheri ne ga madatsun Rusairis da Sinnar da magudanan Jazira, waɗanda laka ta daɗe tana cikewa ana kashe kuɗi wajen yashewa. Asara ce ga mai gonar gaɓar kogi da ambaliya ke yi wa taki kyauta, da mai yin jan bulo, kuma ruwan da ba ya ɗauke da laka ya fi cin gaɓa.

Ambaliyar 2020, wadda ta kai sama da mita 17 da rabi a ma'aunin Khartum ta wuce ta 1946 da ta 1988, ruwan sama ne ya kawo ta. Abin da madatsar ta riƙe a watan Yulin shekarar bai kai biliyan 5 ba. Abin da yake damun mu masu awo shi ne bayani. A da idan na ga adadin tashar Daim da ke kan iyaka, na san abin da sama ta yi a Habasha, na kuma san abin da zai iso Sinnar bayan 'yan kwanaki. Yanzu adadin yana nuna abin da mai riƙe da ƙofofin madatsa ya yanke ne, don haka musayar bayanai kullum tsakanin ƙasashen biyu ta zama maganar rai da dukiya.

Taurari da hasashe

Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da sauransu, waɗanda manoman Sudan da malaman ƙasar Hausa duk suke ƙirgawa, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, kalandar rana ce mai kyau. Suna gaya maka inda shekara take. Ba su ne ke kawo ruwa ba, kuma hadisin Hudaibiyya da ke cikin Buhari da Muslim ya riga ya hana a jingina musu saukarsa. Taurarin ba su gusa ba a rayuwar dattawanku, saboda haka idan sun ce ruwan Ɗarfa ba ya zuwa yadda suka sani, shaida ce suke ba ka a kan ruwan, kuma ni ina ɗaukar ta da muhimmanci. Sai dai a tuna cewa wanda ya yi ƙuruciya a shekarun 1950 da farkon 1960 ya tashi ne a mafi ruwan shekarun ƙarnin, bayansu ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, sannan ya farfaɗo daga shekarun 1990 ba tare da ya koma tsarinsa na da ba.

Hasashe kuma hawa-hawa ne. Na hawan kogi cikin 'yan kwanaki shi ya fi inganci, domin ruwan ya riga ya shigo, tafiyarsa kawai ake lissafawa. Idan an ce a tashi daga gaɓa, a tashi. Na ruwan sama na kwana 1 zuwa 3 yana da amfani ga yanki, amma hadarin ƙasarmu yakan jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi. Na damina gaba ɗaya, irin wanda cibiyar yanayi ta IGAD, ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka, da hukumar yanayi ta Sudan suke fitarwa kafin Yuni, rinjaye yake faɗa. Idan an ce, misali, kashi 45 ruwa zai fi na kullum, 35 daidai, 20 ƙasa da haka, to a cikin shekara 5 masu irin wannan alama ɗaya za ta iya zuwa da fari, kuma hasashen bai yi ƙarya ba. Ya fi ƙarfi a shekarar da El Nino ko La Nina ya bayyana sosai.

Game da shekaru masu zuwa, lissafin kwamfutoci ya haɗu a kan cewa zafi zai ci gaba da ƙaruwa, ya rabu a kan yawan ruwan da zai sauka a tsakiyar Sudan, ko da yake da yawa sun karkata ga ƙari a gabashin Sahel da Habasha. Binciken Siam da Eltahir na 2017 ya nuna matsakaicin Nilu zai iya ƙaruwa da kashi 10 zuwa 15, amma tazarar da ke tsakanin shekara mai kyau da mara kyau ta faɗaɗa da kusan rabi. Shi ya sa nake ganin kuɗin da aka sa a ajiyar ruwa ba ya ɓata, ko wane ɓangare abin ya faɗa. Hafiri mai zurfi ya fi mai faɗi, domin a tsakiyar Sudan rana tana iya shanye fiye da mita 2 daga buɗaɗɗen ruwa a shekara. Kunyar da ke tare ruwa a gona tana mayar da ruwan dare ɗaya ya zama danshin sati biyu. Rijiyar burtsatse kuma a tambayi wane ruwa take ja. Na kusa da kogi yana sabuntawa, amma na zurfin dutsen yashin da ke ƙarƙashin hamadar arewa ragowar zamanin Wadi Hawar ne da abin da ya gabace shi. 'Yan'uwanmu da ke Saudiyya sun ga yadda aka noma alkama da irin wannan ruwa har ana sayarwa waje, daga baya hukuma ta janye daga shirin zuwa 2016 saboda rijiyoyin suna ta nutsewa. Zaɓen irin dawa mai saurin nuna kuwa fannin malaman gona ne, su za ka tuntuɓa.

Tunda kai malamin makaranta ne, akwai abin da za ka iya yi wanda mu muke matuƙar buƙata. Dukan tarihin da na ba ka ya tsaya ne a kan mutanen da suka fita kowace safiya suka duba ma'auni suka rubuta, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsayar da tashoshi da yawa, ya bar giɓin da tauraron ɗan'adam ba zai cike shi duka ba. Ka samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ka kafa shi a fili nesa da bango da itace, sama da ƙasa kaɗan yadda dabba ba za ta taɓa ba. Kowace safiya a lokaci ɗaya ɗalibi ya sa rula ya auna zurfin ruwan da milimita, ya rubuta kwanan wata da tauraron da ake ciki, ya zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, kada a bar gurbin fayau. Milimita 1 lita 1 ce a kan kowane murabba'in mita, wato lita 4,200 a faddan guda, ma'aunin gona na Sudan. Masana yanayin noma a Sahel sukan ɗauki damina ta kama ne idan an tara milimita 20 cikin kwana 3 kuma ba a biyo da bushewar fiye da sati guda ba a watan da ke bi, don haka littafin zai nuna muku sau nawa ruwan farko yake yaudara a garinku, da kwanan da shuka ta fi tsira. A ajiye kwafi biyu, ɗaya a makaranta ɗaya a hannun limami ko mai gari, a kuma ɗauki hoton kowane shafi da waya a ƙarshen wata.